Alkunya ce ko ƙumbiya-ƙumbiya?

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta aiko da tambaya. An je binciken aure a kan saurayin da ke neman ƙanwarta, sai maƙwabcinsa ya sunkuyar da kai ya ce, "To, yaro dai ba laifi, kun san yaran yanzu sai addu'a." Bayan biki aka gano yana shaye-shaye, kuma maƙwabcin ya sani sarai. Ta ce, "Malam, wannan alkunya ce ko ƙumbiya-ƙumbiya?"

Malama, Allah ya ba ƙanwarki mafita. Bari mu fara da kalmomin. Hausa tana maimaita kalma don nuna abin da ake yi ana sakewa, shi ya sa kusan duk sunayen wannan hali tagwaye ne. Kame-kame na wanda aka ritsa ne, ya kamo wannan hujja ya saki, ya kamo waccan. Inda-inda a harshe take, magana ta ƙi fita. Noƙe-noƙe daga noƙewa ne, irin yadda kunkuru ke mai da kai cikin ƙoƙonsa. Kwana-kwana kuwa aro ce, daga kalmar Turanci ta lanƙwasar hanya: ka tambayi mutum hanyar Kofar Doka, ya bi da kai ta Samaru. Ƙumbiya-ƙumbiya ta fi su nauyi, domin mai yin ta bai rikice ba. Ya san gaskiya, ya zauna a kanta da gangan.

Alkunya dabam take, kuma ina ƙaunarta. Ita ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Ita ce ke sa baƙo ya ce "Alhamdu lillahi, na ƙoshi" alhali cikinsa na kuka. Ki lura da wanda ke ɗaukar nauyin: mai alkunya kansa yake tauyewa. Maƙwabcin nan bai tauye kansa da komai ba, ya tsare zaman lafiyarsa da gidan saurayi, ya bar yarinya da wahala. Ba na kiran wannan alkunya, ba na kuma kiransa rufin asiri, don malamanmu sun sanya faɗin aibin mai neman aure ga wanda ya nemi shawara cikin wuraren da ba a lissafa su a giba. Abin yana min ciwo ƙwarai. A garin nan na Zariya fa aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, har yau muna alfahari da sunan, amma a zauren bincike sai mu kasa feɗe biri har wutsiya.

Ku ma akwai darasi a wajenku. "Sai addu'a" ɗin nan hannunka-mai-sanda ne. Da walakin, goro a miya. Da dattijonku ya koma wajen maƙwabcin shi kaɗai bayan sallar isha'i, wataƙila da bakin ya buɗe.

Wani ɗalibi daga Kongo kuma ya tambayi ma'anar "mai kaza a aljihu ba ya jimirin as." As ita ce kalmar korar kaji. Ɓarawon da ya cusa kaza a aljihun riga, da ya ji an ce as, ko da wata kazar ake kora, gabansa zai faɗi kada tasa ta motsa. Na gani da idona a kasuwar Sabon Gari: mai sayen buhun masara ya ce a kwance bakin ya zura hannu ƙasa, bai zargi kowa ba. Nan take mai kayan ya hau rantsuwa, yana dafe bakin buhun da hannu biyu.