Shin Man Fuska Zai Iya Maye Gurbin Siram da Kirim?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 29. Kumatuna na bushewa, amma goshi da hanci suna yawan maiƙo. Da ina shafa siram na bitamin C da safe, kirim kuma safe da dare. Wata ƙawata ta ce in watsar da su duka in riƙe mai zalla, wai shi ne na asali tunda ba a gauraya shi da komai ba. Yau sati 3 ke nan ina shafa man zaitun kaɗai. Fuskar tana sheƙi, amma da na wanke sai in ji ta ɗaure, ga ƙananan ƙuraje sun fara fito mini a goshi. In ci gaba ko in koma?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki koma ga kirim ɗinki, man zaitun kuma ki dakatar da shi a fuska. Wannan ɗaurewar da kike ji na san ta, don ni ma na taɓa yin kusan wata 2 ina shafa mai kaɗai. Mutane suna yaba ƙyallin, ni kuwa da na yi murmushi sai in ji gefen bakina yana ja. Fatar ƙishirwa take ji, na yi ta ba ta maiƙo.

Mai ba shi da ruwa ko ɗigo. Aikinsa ya laushe saman fata ya kuma rage gudun danshin da ke fita daga cikinta. Idan kin rufe randa ruwan ciki zai daɗe, amma murfi bai taɓa cika randa ba. Shi kuwa kirim haɗi ne na ruwa da mai, sannan a ciki akwai abubuwan da ke jawo ruwa su riƙe shi a fata, irin su gilisarin da yuriya da hayaluronik asid. Waɗannan a ruwa suke narkewa, shi ya sa ba za ki same su a kwalbar mai zalla ba.

Ko a aikin murfin ma, man tsirrai ba shi ne gwani ba. Basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, yana tare sama da kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke fita ta fata. Man da ake tatsowa daga 'ya'yan itatuwa bai kai kusa da haka ba.

Bari in ɗan tsaya a kan man zaitun, tunda shi kika shafa. Likitocin fata suna kwatanta saman fatarmu da katanga: matattun ƙwayoyin fata su ne bulo, simintin da ya haɗa su kuma wani kitse ne na musamman, wanda kusan rabinsa seramayid ne, sauran kolestarol da wasu nau'o'in kitse. Man zaitun cike yake da sinadarin oleyik, shi kuwa yana kutsawa cikin wannan siminti ya sassauta shi. A 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield da ke Ingila sun wallafa gwajin da suka yi da manya 19. An riƙa ɗiga musu man zaitun a dantse sau 2 a rana na tsawon makonni, aka tarar katangar fatar ta yi rauni har da ɗan ja, ko a waɗanda ba su da wata matsalar fata. Man sunfulawa, mai yawan sinadarin linoleyik, bai yi wannan ɓarnar ba. Gwajin ƙarami ne, amma ya isa ya sa na daina cewa duk abin da ya fito daga tsiro lafiya ne ga fuska. Kalmar nan "na asali" tana cutar da mata da yawa, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Ƙurajen goshinki kuma, akwai yiwuwar man ne ya toshe ƙofofin fata a wurin da dama can maiƙo ya yi yawa. Akwai kuma wata ƙwayar yis mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kowa, abincinta kitse ne, kuma tana da hannu a amosari. Idan aka wadata ta da mai tana iya haddasa ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, duk girmansu ɗaya. Idan kin daina man sati 3 zuwa 4 ba su lafa ba, ki je likitan fata ya duba, kada ki yi ta matsa su, don tabo ya fi ƙurji wuyar tafiya.

Batun siram gajere ne. Siram mota ce da ke ɗauko wani sinadari mai aiki ta kai shi cikin fata. Bitamin C irin wanda aka fi bincike a kansa a ruwa mai tsami yake zama, haka niyasinamayid, wani nau'in bitamin B3 da ake sawa a siram, a ruwa yake narkewa. Mai zalla ba zai yi miki aikinsu a kan tabo ba. Retinol, wani nau'in bitamin A, shi ne ke narkewa a mai, don haka za ki ga wasu man fuska da aka zuba shi a ciki, amma wannan siram ne a rigar mai, kuma mai juna biyu ta nisance shi. Idan ma nauyin kayan ne ya ishe ki, siram za ki iya ajiyewa fata ta zauna lafiya. Kirim da man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama su ne ba na son ki bari.

Ban ce mai ba shi da wuri ba. Ni har yanzu ina amfani da shi, musamman lokacin da iska ta bushe. Da dare, bayan na wanke fuska tun tana da ɗan damshi, sai in shafa kirim, sannan in ɗiga ɗigon mai 2 ko 3 a tafin hannu in danna a kumatu kawai. Ga irin fatarki, ki nemi man jojoba ko man sukwalen, ba su da nauyi, ki bar goshi da hanci babu mai. Man kwakwa ki bar wa jiki, yana yawan toshe fuska. Kafin ki kai sabon mai fuskarki, ki shafa kaɗan a bayan kunne kwana 3 a jere ki ga ko zai yi ja ko ƙaiƙayi.