Shin Edison ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki?

TAMBAYA: Tun muna firamare aka koya mana cewa Thomas Edison ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki. Kwanan nan kuma na ji wasu suna cewa wani Baturen Ingila ya riga shi, wasu ma suna cewa wani baƙar fata ne ya yi aikin aka danne masa. Don Allah Malam, wace magana ce gaskiya, don in san abin da zan faɗa wa ɗalibaina? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

AMSA: Malam, kowace daga cikin maganganun nan uku tana da ƙamshin gaskiya, sai dai babu wadda ta cika. Tun kafin a haifi Edison a 1847, masana sun san cewa idan wutar lantarki ta ratsa siririn abu yakan yi zafi har ya ba da haske. Humphry Davy ya nuna haka a Landan a farkon shekarun 1800, kuma a 1840 Warren de la Rue ya gwada zaren filatinam a cikin gilashi, amma tsadar ƙarfen ta hana a amfana da shi. Matsalar da ta gagari kowa ita ce zaren yakan ƙone cikin ƙanƙanin lokaci muddin akwai sauran iska a cikin gilashin, kuma ba a sami na'urar da ke zuƙe iskar sosai ba sai a 1865, lokacin da Hermann Sprengel ya ƙera famfonsa. Wannan famfo, wanda ba kasafai ake ambatonsa a aji ba, shi ne ya buɗe wa waɗanda suka biyo baya hanya.

Baturen Ingilan da kuka ji labarinsa shi ne Joseph Swan. Ya yi shekaru yana fama da zaren gawayi, kuma a watan Fabrairun 1879 ya kunna fitilarsa a gaban jama'a a birnin Newcastle, watanni kafin Edison ya yi nasara. Saboda haka in ana maganar wanda ya riga nunawa, Swan ne. Amma gawayin da ke cikin ƙwansa na farko mai kauri ne, yana jan wuta da yawa, wanda ke nufin sai an yi amfani da manyan wayoyin jan ƙarfe kafin a kai masa wuta, ga shi kuma gilashin yakan yi baƙi da wuri.

A nan ne basirar Edison ta fito, kuma a ganina a nan ya kamata a tsaya a yi wa ɗalibai bayani. Shi tun farko lissafinsa na kuɗi ne: yaya za a haskaka gari guda da lantarki a kan farashin da zai kori fitilar iskar gas? Ya gane cewa sai zaren ya zama siriri ƙwarai, mai tauye gudun wuta, sannan za a iya amfani da siraran wayoyi masu araha. Shi da ma'aikatansa a Menlo Park ta jihar New Jersey suka yi ta gwada abubuwa iri-iri, har a watan Oktoban 1879 zaren auduga da aka mayar gawayi ya ci fiye da awa 13. A ranar 27 ga Janairun 1880 aka ba shi takardar haƙƙin mallaka, daga baya kuma suka koma ga gorar Japan, wadda zarenta ya kai awa 1,200. Bai tsaya ga ƙwan ba, ya haɗa da janareto da mita da makunni da wayoyin ƙarƙashin ƙasa, har a ranar 4 ga Satumban 1882 tasharsa ta titin Pearl ta fara ba wani yanki na birnin New York wuta.

Shi kuwa baƙar fatan, Lewis Latimer ne, ɗan iyayen da suka gudo daga bauta, ƙwararren mai zanen injuna wanda ya zana wa Alexander Graham Bell taswirar wayar tarho a 1876. A 1882 ya sami haƙƙin mallaka a kan ingantacciyar hanyar sarrafa zaren gawayi, a lokacin yana aiki da kamfanin Hiram Maxim, abokin hamayyar Edison, kuma sai a 1884 ya koma wajen Edison. Gudummawarsa ta gaske ce, kuma an daɗe ba a ba ta girman da ya dace ba, amma cewa shi ya ƙirƙiro ƙwan zuƙi ta malle ce, domin shekarun da kansu sun ƙaryata zancen.

Tsakanin Swan da Edison an so a kai ruwa rana a kotunan Ingila, amma a 1883 suka haɗe kamfanoninsu na can suka riƙa sayar da fitila da sunan Ediswan. Ƙwan da yawancinmu muka tashi muka gani a gidajenmu kafin zuwan masu tsimin wuta ma ba na gawayi ba ne, zarensa na ƙarfen tangistin ne, wanda William Coolidge na kamfanin General Electric ya gano yadda ake jan sa ya zama waya a wajen 1910.