Ganyen okid ɗina ya yi yaushi, in sayi babbar tukunya?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni kyautar furen okid a tukunyar tangaran wata huɗu da suka wuce. Furannin sun zube, ganyen ya yi yaushi ya tattare. Kullum da safe ina ba shi ruwa, amma abin sai gaba yake. Mai sayar da furanni ya ce in sayi babbar tukunya da baƙar ƙasa mai taki. In saya? (Daga wata baiwar Allah a Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki, kada ki sayi ko ɗaya. Kusan duk okid ɗin da ake ba da kyauta irin Phalaenopsis ne, ɗan asalin dazuzzukan Kudu maso Gabashin Asiya, irin su Filifin da Indonesiya. A can a jikin bishiya yake maƙalewa, saiwarsa a waje tana shan iska. Ruwan sama ya jiƙa ta, ba da jimawa ba ta bushe. In kika binne ta a ƙasa, kin shaƙe ta.

Yaushin nan shi ke ruɗin mutane. Ruwa ne ya yi yawa har saiwa ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya kai ruwa ga ganye. Ga shi cikin ruwa tsundum, amma ƙishirwa na cinsa.

Yau ɗin nan ki zare shi daga tukunya. Za ki tarar da gansakuka a cushe a gindinsa kamar jiƙaƙƙen soso. Ki warware ta a hankali da yatsa. Lafiyayyar saiwa tana da ƙwari, kore ce ko fara-fara. Wadda ta mutu ruwan ƙasa ce, in kin matsa ta sai fatar ta saɓule, ta bar wani siririn zare. Ki kara almakashi a wuta, ya huce, ki yanke duk irin waɗannan. Ko saiwa biyu ko uku suka rage, akwai rai.

Abin saye kaɗan ne: 'yar tukunyar roba garai-garai wadda ake hango ciki, mai huji da yawa, daidai girman saiwar da ta rage. Babbar tukunya tana daɗewa da laima. Sai ɓawon itace na okid. In ba ki samu ba, ki yayyanka busasshen ɓawon kwakwa na waje mai zare-zare gutsi-gutsi kamar ƙwayar dabino, ki jiƙa shi kwana biyu kina sauya ruwa don gishirin ya fita, ki haɗa da gawayi. Bayan dashen ki bar shi kwana uku zuwa biyar kafin ki shayar.

Daga nan saiwa ce agogonki. In ta koma launin azurfa, ki tsoma tukunyar a ruwa minti 10 zuwa 15, ki bari ta tsiyaye sarai. Yawanci sau ɗaya ne a mako. Da hunturu ki riƙa dubawa da wuri, da damina ki jinkirta. Ruwan sama ya fi na burtsatse. In ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye, ki tsane shi da auduga, don ruɓa daga nan da wuya take warkewa.

Ki ajiye shi kusa da tagar gabas, bayan labule mai shara-shara. Tsofaffin ganyen ba lallai su miƙe ba. Abin da za ki sa wa ido shi ne koren tsinin sabuwar saiwa, nan da 'yan makonni in sha Allahu.