Wace irin jaka ta dace da kayan gudun ambaliya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Haɗeja, gidana ba shi da nisa da kogi, duk damina ido biyu muke kwana. Ina so in haɗa jakar ko-ta-kwana da za mu sunguma mu fita idan ruwa ya shigo. Uwargida ta ce ganamasgo ɗinmu ta isa, ni kuma na fi karkata ga akwati mai taya. Yaranmu uku, ƙaramin yana goye. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare ku. Cikin biyun nan babu wanda zan ce ka dogara da shi. Jakar goyo nake so ka nema, mai hannu biyu da ake ratayawa a kafaɗu.

Dalilina hannayenka ne. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, cikin dare ruwa ya afka wa Maiduguri, mutanen Gwange da Fori suka fito cikin duhu, wasu ruwa iya ƙugu. A irin wannan dare hannu ɗaya na riƙe da yaro ne, ɗayan na tocila ko na dafa katanga. Ganamasgo tana cinye hannu guda, tana karkatar da mutum gefe, kuma zif ɗinta da hannunta ne ke fara yankewa in ta yi nauyi. Akwati kuwa tayarsa ta kwalta ce. Da ta shiga taɓo ka koma ɗauko a ka.

Girma kada ya ruɗe ka. Da lita ake auna girman cikin irin wannan jaka; mai cin lita 30 zuwa 40 ta wadatar da babban mutum. Wadda ta fi haka za ta ja ka ka yi ta cusa kaya har ta gagare ka. Masu tafiyar ƙasa da kaya a baya suna bin ƙa'idar kada nauyin jaka ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsu: mai kilo 60 ya tsaya a 12, kuma ni na fi son ka yi ƙasa da haka, tunda wataƙila ka ƙara da yaro a wuya. Ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce.

In ka je kasuwa, kada ka raina gwanjo. Sau da yawa tsohuwar jakar 'yan hawan dutse ta fi sabuwa mai ƙyalli ƙarko nesa ba kusa ba. Juya cikinta waje ka duba ɗinkin da ya haɗa hannun da jikin jakar, domin a nan ne take fara mutuwa. Ka ja shi da ƙarfi a gaban mai kaya. Zif ya zama mai manyan haƙora, ka zuge ka buɗe sau biyar, shida. Hannun ya kasance mai faɗi da soso a ciki, sannan a samu ɗamarar ƙugu, domin ita ke sauke nauyi daga kafaɗa. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: in za ka ratsa ruwa mai zurfi ko mai gudu, kwance ɗamarar tukuna, don in ka faɗi ka iya zame jakar ka tashi. Ruwa mai gudu ko iya idon sawu yake yana iya kayar da ƙato.

Mai kaya zai rantse maka ruwa ba ya shigarta. Yayyafi yake nufi. Shimfiɗa babbar leda mai kauri a ciki kafin ka sa komai, ka murɗe bakinta. Takardar gida ko ta gona, takardun haihuwar yara, katin NIN, shaidar makaranta da ɗan kuɗi a hannu su shiga leda biyu, ɗaya cikin ɗaya. Maganin da wani ke sha kullum, kamar na hawan jini, da tocila da cajar waya su zauna a aljihun sama inda hannu zai kai ko a duhu. Dabino, ƙuli-ƙuli da garin kwaki ba sa nauyi kuma ba sa buƙatar wuta. Ka ƙara gidan sauro da ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, domin amai da gudawa kan biyo bayan ambaliya.

Uwargida bayanta na goyo ne, kada a ɗora mata jaka. Ƙaramar jakar rataye a gaba ta ishe ta, da kayan jinjiri da kwafin takardun. Manyan yaran su goya jakar makarantarsu da tufafi kala ɗaya da gorar ruwa, a saka takarda mai sunan yaro da lambar wayarka cikin leda, ko da za a rabu a cunkoso.

Kafin ruwa ya kankama, cika jakar ka goya ta, ka taka da ƙafa har tudun da kuka shirya komawa, ka ji inda take cizonka ka rage. Ka dawo ka kafa ƙusa kusa da ƙofar ɗaki, sama da kafaɗarka, ka rataye ta a nan, ka nuna wa kowa a gidan.