Tambaya da Amsa: Ina Lakar Take Tafiya Idan An Busa Mata Ozon?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar muhalli. Malaminmu ya ce iskar ozon tana rage lakar da ke taruwa a matatar ruwan kwata, tana kuma lalata ragowar magunguna. To ina lakar take tafiya? Ai abu ba ya ɓacewa haka kawai.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Gaskiyarki, ba ɓacewa take ba, sama take bi.

Lakar nan galibinta bakteriya ce da muke kiwo da gangan a tankin hura iska, tsarin da Ardern da Lockett suka fito da shi a Manchester a 1914. Suna cin ƙazanta suna hayayyafa, kullum sai an kwashe rarar. Matse ta da busar da ita da jigilarta kan lashe kusan rabin kuɗin tafiyar da matata, shi ya sa duk mai wannan aiki lakar ce ciwon kansa.

Ozon oksijin ce mai atom uku maimakon biyu, ba ta da zama, cikin mintuna take wargajewa a ruwa, don haka a wurin ake haɗa ta da wutar lantarki. Sai a ɗebi kaso na lakar da ake mayarwa tanki a busa mata. Ozon ta fasa bangon ƙwayoyin, abin cikinsu ya tsiyaye, masu rai kuma su cinye gawar 'yan uwansu. Wani ɓangare ya fita a matsayin iskar kabon dayoksaid da ruwa. Yasui da Shibata na Japan suka bayyana dabarar a 1994. Ni abin da ya fi burge ni a kwalbar awo yake: lakar da a da take kumbura ta ƙi kwanciya, sai ki ga ta zauna ƙasa, ruwa ya washe a sama, domin bakteriya masu siffar zare su ozon ke fara kamawa.

Sai dai sinadarin fosforas da ke cikin ƙazantar ba ya zama iska. A cikin laka yake fita daga matata, idan kin rage lakar sai ya bi ruwan da kike saki. Ga kuma kuɗin wuta. A ganina, in dai zubar da laka bai yi tsada sosai ba, wannan aiki ba ya biyan kansa.

Batun magunguna kuwa aiki ne daban, a ƙarshen matata ake yinsa bayan ruwa ya tace, kuma nan na fi yarda da ozon. Magunguna irin su diclofenac da carbamazepine suna ratsa matata kusan yadda suka shigo, amma ozon tana farfasa su. Switzerland tana da dokar da ta fara aiki a 2016 cewa manyan matatunta su cire kashi 80 cikin ɗari na irin waɗannan, matatar Neugut da ke Dübendorf kuwa tun 2014 ta fara amfani da ozon. Ana bin ozon ɗin da matacin yashi don bakteriya su ƙarasa gutsattsarin.

Kafin a sayi na'ura, a auna sinadarin bromaid, wani gishiri da kan narke a ruwa. Idan yana da yawa, ozon na mayar da shi bromet, wanda ake zargi da haddasa cutar daji, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade shi a maikrogiram 10 cikin lita ɗaya ta ruwan sha.