Makarantar Manya ko ta Unguwa? Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Ɗana zai shiga SS1, burinsa likitanci. Akwai makaranta mai suna, kuɗin zango ɗaya ya fi albashina na wata uku, akwai kuma wata mai sauƙi a unguwarmu. In ci bashi? Abin ya hana ni barci. Daga wata uwa a Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, kada ki ci bashin nan. Bayero ko ABU ba sa duba sunan sakandare. Makin JAMB bisa 400 suke kallo, da kiredit biyar na WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi, sai tantancewar jami'ar. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne, 35 na jihohin yankin jami'ar, 20 na jihohin da ke baya a boko. Ki je ta unguwar ba tare da sanarwa ba. Ki leƙa ɗakin gwaje-gwaje, ki ƙirga yaran aji, ki tambayi malamin Fizis shekararsa nawa a wurin. Ki duba ko akwai kwamfuta, domin a kanta ake zana JAMB.

Amma in aka ce miki "duk ɗalibanmu suna cinye takardu tara", ki juya. Wannan ita ce cutar da ke cin yaranmu. A karɓi kuɗin "taimako", a rubuta amsa a allo, iyaye su yi ta murna. WAEC na riƙe sakamako ko ta soke shi, tana kuma janye amincewa daga makarantar da ta kama. Wanda ya tsallake, ranar JAMB ba mai raɗa masa amsa; in ma ya shiga, ajin farko na likitanci zai tankaɗe shi. Wasu makarantun ma ba su da lambar cibiya, wato lambar da WAEC ke ba makarantar da ta amince a zana jarrabawa a cikinta, sai su kwashi yara zuwa wata makaranta a ƙauye. Ki nemi ganin lambar, ki kuma tabbatar sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a NIN da rajistar WAEC.

Tambaya: Wace makaranta 'ya'yan manya suka fi zuwa a Abuja? Can nake so in kai 'yata.

Amsa: Alhaji, karatu za ta je yi ko kallon motoci? In waje za ka fitar da ita, nemi mai IGCSE, wato jarrabawar sakandare ta tsarin Birtaniya. In a gida za ta tsaya, rage kuɗin ka ɗaukar mata malamin lesin.