Memuwar ɗina ta ƙi buɗuwa a siber, shin ta lalace ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Yamai, da LibreOffice na rubuta memuwar ɗina. Na kai ta siber a kile don a buga, mai wurin ya ce .odt ba takarda ba ce, ya goge wutsiyar sunan ya sa .docx, sai Word ya ce fishiye ya lalace. Wai sai ya sa min Word kirake, wato na sata, na sake bugawa. Aikin wata 7 ne, ko barci ba na yi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki, aikinki na nan. Mayar da wutsiyar .odt yadda take, zai buɗu.

Wannan canza wutsiya wallahi kullum sai na gamu da shi kuma yana ƙona min rai. Ki rubuta "shinkafa" a bayan buhun gero, ya zama shinkafa? Da .odt da .docx duk ƙunshi ne na zip, wato fishiye da yawa a dunƙule wuri ɗaya, amma shirin cikinsu daban, a na farko rubutunki na cikin content.xml, na biyu kuma document.xml, to Word ya ga .docx ya shiga neman kayansa inda ya saba bai samu ba, shi ya sa ya ce ya lalace. Daga nan sai a tsorata yarinya, a karɓi jika biyu a ɗura mata Word na sata, wanda sau da yawa da birus yake zuwa, a nan ne fa aiki ke salwanta da gaske. Da idona na ga kile ɗin wani bawan Allah a Harobanda, birus ya mayar da duk dosiye ɗinsa rakursi, wato alama kawai ba takardun a ciki, yana share zufa ana gobe sutnans.

Kuma wa ya ce .odt ba takarda ba ce? OpenDocument ne, ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta OASIS ta fitar da shi a 2005, hukumar ƙa'idoji ta duniya ISO ta amince a 2006 da lamba 26300, ƙa'idarsa a buɗe take kowa na iya gina lojisiyel a kanta. Shi .docx sai 2008 ya samu amincewar ISO. Word ɗin kansa yana buɗe .odt tun 2009. Gwamnatin Birtaniya ma a 2014 OpenDocument ta zaɓa don musayar takardu, mu kuwa ofis sai ya ce "a kawo a Word" kamar doka ce, alhali ɗan talaka ba shi da kuɗin lasisi. Takardar ƙasa da za a nema bayan shekara 30 bai kamata a ce makullinta na aljihun kamfani ɗaya ba.

Don bugawa, fitar da PDF daga LibreOffice ki kai musu, shafi ba zai gusa ba, su ƙ, ɗ, ɓ, ƴ ba za su koma akwati ba tunda haruffan na tafiya cikin fishiyen. In malaminki ya dage sai .docx, shiga Enregistrer sous ki zaɓe shi, ki duba tablo ɗinki kafin ki tura, asalin .odt kuma ki ajiye shi wuri biyu.